Kailu da Gafakar Malam Ibrah

Kailu ba malami ba ne, shi da bakinsa yake faɗin haka. In ka kira shi Malam sai ya kawar da kai, ya ce malamin yana kwance a bayan gari, shi ajiya kawai aka bar masa. Mutanen Filinge kuwa ba sa barin mutum ya wuce ba laƙabi, sai suka sa masa Kailu Mai Gafaka, da shi ake kiransa har ya koma ga Allah.

Ɗan manoma ne daga wani ƙauye wajen Tabla, irin gidan da ake salla in an tuna, a kuma yi wa iskoki yanka in ruwa ya yi jinkiri. Yana saurayi wani gyambo ya kama shi a ƙafa ya hana shi noma, aka ɗora shi bisa jaki aka kawo shi Filinge wurin wani baƙon malami, Malam Ibrah, don a yi masa magani. Ƙafar ta warke, ta bar shi da ɗingishi. Shi kuwa bai koma gida ba, don a kwancen da ya yi a zauren nan kunnensa ya ji abin da ya hana shi tafiya.

Malam Ibrah daga gabas ya fito, ƙasar Sakkwato. Wasu sun ce gardama ya yi da malaman can har zama ya gagara, wasu sun ce mutum ne dai da ba ya son hayaniya. Yana raɗa suna, yana sallar gawa kamar kowane malami, amma zuciyarsa tana wurin wani ilimi da ake kira manɗiƙi, wato awon magana: yadda za ka gane hujjar da ta tsaya da ƙafarta, da wadda ƙarfin murya kawai ya tallafe ta. Ya rubuta littafi a kai da hannunsa, da Larabci, fallayen takarda ba ɗinki, an danne su tsakanin fata biyu masu tauri an zura cikin gafaka, jakar fata ta ajiye littafi. Wasu fallayen rubutu ne zalla, wasu kuma da'irori ne da gidaje-gidaje da jan tawada, wannan ya shiga cikin wancan.

To amma takardar rabin abin ce. Sauran a bakin malamin yake, don kowace kalma ta Larabci ya yi mata ta Hausa wadda manomi zai kama. Babban rukunin da ya tara abubuwa, dangi yake ce masa. Abin da ya raba wannan da wancan a cikin dangi ɗaya, zanen fuska. Magana biyu da ake haɗawa su haifi ta uku, uwa da uba da ɗa. Kalmar da ke shiga tsakani ta haɗa su sannan ta ɓace, ita ce dillali, don ciniki na faɗawa ba ka ƙara ganinsa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai rubuta ba. Ya ce abin baki ne, da baki ake ba da shi.

Hanyar koyarwarsa kuma ɗaya ce. Falle guda ake ba ɗalibi, a karanta masa, a warware masa, ya tafi da shi gida ya zauna da shi har ya shige shi, ya dawo da shi, sannan a ba shi na gaba. Haka Kailu ya haye littafin nan cikin shekaru, shi kaɗai, don duk wanda ya fara sai ya gudu tun ba a je ko'ina ba. Da ciwon ajali ya kama malamin, a daminar da ta biyo bayan shigowar Nasara, ya sa aka sauko da gafakar, ya ɗora ta a cinyar Kailu.

"Takarda ba ta da wuyar tsaro," in ji shi. "Abin da nika tsoro, karatun shi mutu cikin bakinka. Ka sami mutum guda, Kailu. Guda ya isa."

Mutum guda, ka ji kamar abu mai sauƙi. Amma a ƙasar Kurfai, inda Filinge take, a wannan zamani wa ke da kunnen awon magana? Nasara sun kafa bariki, yau a ce a kai hatsi, gobe a ce a ba da mutanen sharar hanya, jibi raƙuma. Kowa ta kansa yake yi. Kailu ya je wurin 'ya'yan liman, suka saurare shi da ladabi suka tambaye shi ko akwai babin gado a ciki, ya ce babu, suka ce za su zo bayan girbi. Girbin nan har yau ba a gama shi ba. Wani malami mai wucewa ya buɗe gafakar, ya juya falle biyu, ya taɓe baki ya ce wannan karatun masu yawan tambaya ne, ba ya ƙara wa mutum lada. Kailu ya karɓi kayansa ya share inda yatsan mutumin ya taɓa.

Sai ya koma ga abin da ya iya, wato tsaro. Ya rataye gafakar a tsakiyar ɗaki da igiyar da ya shafe da toka da man shanu don kada gara ta biyo ta. In damina ta sauka, rufin da ke kan gafakar yake fara gyarawa kafin wanda ke kan shimfiɗarsa. In kaka ta yi iska ta bushe, sai ya fito da fallayen ya shimfiɗa su a inuwa, kowanne da tsakuwa a kansa, ya zauna yana korar kaji. Matarsa Laraba takan ce masa da 'ya'yan da suka haifa sun sami rabin wannan kulawa daga Allah da sun rayu. Ba da faɗa take faɗi ba. A shekarar babbar yunwa, da gari ya watse daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci in abinci ya ƙare, da gafakar a bayansa ya tafi, kamar goyo. Laraba ba ta fita daga wannan yunwa ba. Ya binne ta ya dawo ɗaki, daga shi sai abin da ke rataye.

Kaɗaici ya ci Kailu ƙwarai, ba ɓoyo. Akwai ranar da za ta fito ta faɗi bai yi magana da kowa ba sai amsa sallama. Sannan ga ido ya fara yi masa hazo, rubutun malamin da yake gani tun daga nesa yanzu sai ya kai shi dab da hanci. Yakan ji kalmomin nan a bakinsa kamar hatsi a rumbun da ba mai ɗiba, ya san ba za su daɗe a haka ba.

Ana nan sai ga Manzo. Falke ne mai jakuna, magidanci da gemunsa, ya yi karatun allo har ya iya haɗa baƙi, kuma duk kasuwar Filinge ba wanda ya kai shi son musu. Wata rana Kailu yana wucewa ya ji shi yana ta da jijiyar wuya cewa Buzaye duk mayaudara ne, don ɗaya ya cuce shi a cinikin gishiri. Kailu ya tsaya.

"Buzaye nawa ka yi ciniki da su?"

"Da yawa."

"Nawa sunka cuce ka?"

Manzo ya fara ƙirgawa da yatsa, ya tsaya a ɗaya. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya, shi kuwa maimakon ya ji haushi sai ya bi tsohon da kallo. Da la'asar ya yi sallama a ƙofar Kailu, ya ce yana so a koya masa yadda ake toshe bakin mutum haka.

"Ba toshe baki aka koyo nan ba," in ji Kailu. "Zamna dai."

Ya sauko da gafakar. Manzo yana da kai, Allah ya ba shi. Ya karɓi fallen farko ya tafi da shi cikin hularsa, ya dawo da shi da tambayoyin da Kailu bai taɓa jin wani ya yi ba tun bayan malaminsa. Suka wuce dangi, suka wuce zanen fuska. Kailu ya koma yin shara a ƙofar ɗaki, ya sayi sabuwar tabarma, har maƙwabta suna cewa ko aure zai yi. Suka iso fallen da ke da manyan da'irori na jan tawada, inda ake fara maganar uwa da uba da dillali. Kailu ya karanta masa rabi, ya ba shi ya ce ya je ya zauna da shi.

A daidai lokacin ne Nasara suka shiga wani babban yaƙi can ƙasarsu, aka aiko kowane gari ya ba da maza a kai su soja. Aka tara majiya ƙarfi a bakin bariki, likitan Nasara yana bi yana duba haƙora da ƙirji. Ya zo kan Manzo, ya dube shi, ya wuce. Aka ɗauki na damansa, aka ɗauki na hagunsa, shi aka ce ya koma gida.

Daga ranar Manzo bai sake zuwa karatu ba. Aka ce wa Kailu wai Manzo ya tafi fatauci wajen Abala. Ran tsohon ya ɓaci, amma kafin ɓacin ran ya zauna sai ga abin da bai taɓa mafarki ba: mutane a ƙofarsa. Samari da magidanta, wasu ma iyayensu ne suka rako su, kowa karatu yake so. Kailu ya ɗauka Manzo ne ya ba da labarin daɗin abin a kasuwa. Murna ta rufe masa ido fiye da hazon da ke ciki, har ya yi abin da malaminsa bai taɓa yi ba. Fallen farko guda ɗaya ne, ba zai ishe su ba, don haka ya karanta musu shi gaba ɗaya, sannan ya ba kowa wani falle daban ya tafi da shi gida don idonsa ya saba da hannun malamin. Su kuwa duk masu jan zane suke nunawa, wai su ne suka fi sauƙin ganewa. Bai ga komai a ciki ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jiran ɗalibi ɗaya, ka kawo masa ɗalibai cike da zaure, ina zai tsaya bincike?

Ba wanda ya dawo. Wasu sababbi dai suka zo, su ma ya ba su. Sai da gafakar ta yi masa sauƙi a hannu sannan ya farga.

Ranar kasuwa ya fita neman su. A rumfar dukawa ya tsaya gaisawa da Dodo baduku, sai ya ga yana ninke wata takarda, ninki bisa ninki, har ta koma kamar ƙwayar dabino, ga 'yar jar fata a gefe an yanka. Kailu ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa. Ko da idonsa ya mutu gaba ɗaya zai gane yadda Malam Ibrah yake jan wutsiyar baƙi.

"Dodo, wanga mi ne ne?"

"A'a, ai naka ne, Malam. Na ɗunka da yawa. Sun ce kai kab ba su. Wallahi Allah shi biya ka, ka taimaki ɗiyan mutane."

Nan Dodo ya kwance masa zancen duka, da zuciya ɗaya, yana ma yabonsa. Ranar da likita ya tsallake Manzo, uwarsa Safi ta tarar da falle cikin hularsa, ta ga da'irori da gidaje-gidaje irin na hatimin da malamai ke rubutawa don tsari. Ta ce wannan ne ya rufe idon Nasara. Ba ta yi shawara da kowa ba ta kawo wa Dodo ya ɗinke shi laya. Kafin kwana biyu duk matan da ke ɗibar ruwa a rijiya sun ji cewa abin da Mai Gafaka yake ɓoyo shekara da shekaru maganin hana a ɗauke ka soja ne, kuma ba ya sayarwa, sai ka ce masa karatu kake so.

Kailu ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ba a ɗinke ba, ya warware ta a hankali, ya sa a ƙirji. Daga nan gidan Safi ya nufa. Ya same ta tana sussuka, ba ta ko ajiye taɓarya ba.

"Uwar Manzo, takardar nan ba ta tsare kowa. Ba sunan Allah ne ciki ba, ba aya ba ce. Karatu ne na gane magana."

"To mi yas sa anka bar shi?"

"Ban sani ba. Wataƙila likitan ya ga wani abu ga ƙirjinai."

"Kai ba ka sani ba, ni kau na gani da idona," in ji ta. "Ɗana guda gare ni, Malam. Kai takardu gare ka cike da jikka."

Kailu yana da amsa, amsar ma tana cikin littafin, babi guda aka yi a kan mai ganin abu ya biyo bayan abu ya ce shi ya haife shi. Amma da wane baki zai karanta wa uwa wannan babi? Ya juya ya fita. Manzo kuwa ba Abala ya je ba, yana cikin ɗaki yana jin su, kunya ta hana shi fitowa.

Kailu ya bi gida-gida. Wasu suka ɓuya, wasu suka rantse ba su san zancen ba alhali igiyar layar tana leƙowa daga wuyan riga. Wasu tuni sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi cikin dare, gudun soja, da fallayen Malam Ibrah a wuyansu. Kaɗan ya samu. Ya dawo ya zauna gaban gafakar, ya yi kukan da bai yi ba ranar da ya binne Laraba, kuma ya san da hannunsa ya raba su.

Bayan girbi aka sake aiko neman maza. Wannan karon ba a tsaya dogon dubawa ba, aka kwashi wanda aka samu, da masu laya da marasa ita. Manzo yana ciki.

Da hantsi aka fito da su za a bi da su hanyar Yamai, an jera su biyu-biyu, dogaran bariki a kan dawaki gaba da baya, mata suna bin gefe suna kuka. Kailu ya zo da 'yar wuƙar fiƙe alƙalami a aljihu. Niyyarsa ɗaya, ya farke ɗinkin nan ya karɓi fallen da'irori, don shi ne ƙashin bayan littafin, in babu shi abin da ya biyo baya duk ba ya tsayawa. Ya kutsa har ya iso inda Manzo yake.

Manzo na ganinsa ya sunkuyar da kai. Ba a ce masa komai ba ya sa hannu ya ciro layar daga wuyansa ya miƙa.

"Ga ta, Baba. Ka yahe mani. Na san ba ta tsare komi."

Kailu ya karɓa. Fatar da ɗumin jikin mutumin a kanta. Ya ɗaga ido ya ga tsoro ƙarara a fuskar Manzo, falken nan mai bakin da ya gagari kasuwa. Can gefe ga Safi ta daina kukan, ta zuba wa layar ido ko ƙiftawa ba ta yi. Ya daɗe riƙe da ita, har dogari ya daka tsawa a yi gaba. Sai ya buɗe igiyar ya mayar da ita wuyan Manzo, ya tura ta cikin riga.

"Riƙe. Kak ka bari ruwa shi taɓa ta. Ina munka tsaya?"

Manzo ya dube shi kamar bai ji ba.

"Karatu nika tambaya. Ina munka tsaya?"

"Ga dillali, Baba."

"To saurara."

Jerin ya motsa, Kailu ya bi gefensa da ɗingishinsa yana karantawa da ka. Ya kawo Larabcin yadda yake a rubuce, ya kawo Hausar yadda Malam Ibrah ya ba shi, ya ce Manzo ya maimaita. Manzo ya maimaita. Suka wuce rijiyoyi, suka wuce gonakin bakin gari, matan suka fara komawa ɗaya-ɗaya, tsohon bai tsaya ba. Wani dogari ya kai masa bulala a iska ya ce ya koma, ya matsa gefe kaɗan ya ci gaba, ya ƙara ɗaga murya. Sauran mazan suka yi tsit suna ji, sun ɗauka addu'a yake yi musu, wasu har suna cewa amin. Manzo ya yi tambaya guda, tambaya mai kyau, Kailu ya ji daɗinta har cikin ransa, ya fara amsawa. A nan ƙafar ta ƙi. Ya dafa wani kututture, jerin ya ci gaba, Manzo yana waiwaye har dogari ya tura ƙeyarsa. Kailu ya ƙarasa amsar a tsaye a bakin hanya, da ƙarfi, ko da yake ya san ta daina isa kunnen kowa.

Da yaƙin ya ƙare wasu sun dawo. Biyu daga cikinsu suka kawo masa layunsu da kansu, aka farke, aka tarar gumi ya cinye tawadar, takardar ta dunƙule ta yi baƙi. Manzo ba ya cikin waɗanda suka dawo, kuma ba wanda ya iya cewa ga inda ya kwana. Safi ta rasu tana jira. Idon Kailu ya rufe gaba ɗaya, 'yar maƙwabta ce ke kai masa fura.

Liman na lokacin, wanda yana yaro ya ji wasiyyar Malam Ibrah a bakin manya, ya je duba shi a ciwonsa na ƙarshe. Ya ga gafakar a rataye, ya tausaya masa, ya tambaye shi a hankali ko dai bai sami mutumin nan guda ba har yanzu.

"Na samu," in ji Kailu. "Shina hanya."

Liman ya yi masa addu'a ya tashi.